Shanyewar Ɓarin Jiki: Daga Ina Take Fitowa?

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu wannan wata da ranmu, da ƙarfin tsayuwa a sahu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ƴan'uwa masu saurare, maza da mata, barkanmu da shan ruwa.

Yau za mu ɗan rufe littafin da muke ja, saboda wani abu da ya faru a gabanmu. A goman farko na azumin nan mun je dubiyar wani dattijo, ɗan kasuwa, wanda ya yi shekaru yana sallah a sahun farko. Yana cikin alwalar la'asar buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai kira yaronsa, magana ta sarƙe, bakin ya karkace. Iyalinsa suka ce iska ce ta buge shi a bakin rariya. Aka kwana biyu ana hayaƙi ana shafe-shafe kafin a kai shi gidan likita. Can ne aka ji cewa an daɗe da gaya masa yana da hawan jini, kuma yana shan magani, amma daren da aka ga wata ya ɗora kwalin a kan taga, ya ce sai bayan salla. Yau yana kwance, ana juya shi kamar jariri. Allah shi ba shi lafiya, shi sa kaffara ne.

Karatunmu na allo ne da na zaure, ba mu yi na likita ba. Saboda haka muka zauna da masu wannan ilimi, muka yi ta tambaya har muka gane, domin wanda bai sani ba an umurce shi da ya tambayi wanda ya sani. Abin da muka samo shi ne za mu isar muku, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne. A littattafan Larabci ana kiransa falij. Abanu ɗan Sayyidina Usmanu ɗan Affan, babban tabi'i kuma malami wanda ya taɓa riƙe mulkin Madina, ya gamu da shi a ƙarshen rayuwarsa. Wannan ya isa ya nuna mana cewa shanyewar jiki ba alamar fushin Allah ba ce ga bawa, kuma ba abin kunya ba ce da za a ɓoye mai ita a ƙuryar ɗaki.

To, me ke faruwa a cikin jiki? Ku dubi mai lambu a gulbi. Yana da injin ban-ruwa, yana da tiyo, yana da fangali-fangali: nan albasa, nan tumatir, nan salati. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce lambun, kuma kowane fangali da aikinsa. Wani na motsa hannu ne, wani na ƙafa, wani na magana, wani na gani. Ruwa yana yanke wa fangali ta hanya biyu. Ko dai tiyon ya toshe, wato gudan jini ko kitse ya tsaya a cikin jijiya, wannan kuwa shi ya fi yawa. Ko kuma tiyon ya fashe, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa ya danne ta, wannan kuma ya fi saurin kisa. Shuka tana iya jure yini ba ruwa, amma ƙwaƙwalwa cikin ƴan mintoci take fara mutuwa. Wurin da ya mutu, aikinsa ya tsaya. Kuma cikin hikimar Mahalicci, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma shi ke sarrafa hagu. Ga mafi yawan mutane wurin magana yana hagu, shi ya sa wanda ɓarin damansa ya shanye sau da yawa harshensa ma yake ɗaurewa. Kenan hannun da ake ta murzawa da man shanu lafiyarsa ƙalau, ɓarnar tana cikin kai.

Mutane suna cewa, jiya ma mun gan shi a kasuwa lafiya lau. Gaskiya ne faɗuwar farat ɗaya ce. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tiyon ya yi shekaru yana lalacewa ba wanda ya duba.

Babban mai lalata shi shi ne hawan jini, wanda muke kira tansiyon. Idan inji yana turo ruwa da ƙarfin da ya wuce kima, dare da rana, shekara da shekaru, tiyo sai ya yi tauri, ya ƙuntata, wani wuri kuma ya yi rauni. Abin tsoron shi ne hawan jini yawanci ba ya ciwo. Mutum zai yi shekara goma da shi yana noma, yana kasuwa, yana ƙara aure, bai ji komai ba. Wanda ya ce sai kansa ya yi ciwo ko ya ji jiri zai je awo, yana jiran baƙon da ba ya sallama. Hanyar saninsa ɗaya ce, a ɗaura maka abin awo a damtse. Likitocinmu suna faɗin lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Wajen 12 bisa 8 shi ne daidai. In aka auna ka a ranaku daban-daban kana zaune a natse, ana samun 14 bisa 9 ko fiye, to kana da hawan jini. Awon ba ya ɗaukar lokacin da shayi ke ɗauka kafin ya tafasa, kuma ana yin sa a ƙananan gidajen likita na unguwa da na karkara.

Akwai kuskuren da ya kayar da mutane da yawa. Maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne, da za ka sha kwana uku ka warke ka aje. Riƙe jinin yake yi, kamar yadda linzami ke riƙe doki. Ran da ka koma awo aka ce jininka ya sauka, maganin ne ya saukar da shi. Ka cire linzami, doki ya koma sukuwarsa.

Abin da ya fi ciyar da hawan jini a gidajenmu shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai gram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Yanzu ku lissafa tukunyarmu. An sa gishiri, an marmasa dunƙulen magi uku ko huɗu, alhali kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne. An jefa kanwa don wake ya nuna ko kuɓewa ta yi yauƙi, kanwa kuwa ƴar'uwar gishiri ce wajen tayar da jini. Sannan a kawo yaji, shi ma da gishirinsa da maginsa, a barbaɗa a kai. Da dare maigida ya biya wurin mai tsire ko mai kilishi. Iyayenmu mata, wannan magana taku ce, domin lafiyar gida tana cikin ludayinku. Kakanninmu sun yi miya mai daɗi da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. A rage gishiri sannu a hankali, cikin ƴan makonni harshe zai saba. Ku kuma maza, kada a rage gishiri don lafiyarku ku ce an raina ku.

Na biyu shi ne ciwon suga. Suga in ya yi yawa a jini yana cin bangon jijiya daga ciki, kamar gara a cikin azara, waje lafiya, ciki ya zama gari. Mai yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama ba dalili, ko wanda miki ke daɗewa bai warke masa ba, ya je a auna shi. Suga da hawan jini in sun haɗu a jiki ɗaya, haɗarin ya ƙaru ƙwarai.

Na uku kitse ne da ke taruwa a jini, ya manne a bangon jijiya har hanya ta ƙuntata. Yana tafiya tare da ƙiba, musamman tumbi, da yawan zama. A da mutum da ƙafarsa yake zuwa gona da kasuwa da masallaci. Yau daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai an kira kabu-kabu. Mun ɗauki tumbi alamar wadata, muna cewa Alhaji ya murje. Likitoci suna son mutum ya yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta kimanin minti 30 a mafi yawan ranakun mako. Wanda ke taka ƙafarsa zuwa salloli biyar a masallaci mai ɗan nisa ya sami lada, ya kuma sami rabonsa na wannan.

Na huɗu taba ce, kowace iri. Sigari, da shisha da samari suka ɗauka ado, da tabar da dattawa ke haɗawa da kanwa su cusa a kumatu. Taba tana ƙuntata jijiya, tana sa jini saurin daskarewa. Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da mai busa hayaƙi, da ƴaƴanta, su ma suna shaƙar rabonsu ba su ji ba ba su gani ba. Albishir shi ne, wanda ya bari, haɗarinsa yana raguwa shekara bayan shekara. Giya da ƙwayoyin maye kuwa, shari'a ta riga ta hana, likita ya zo ya tarar da hanin a wurin.

Na biyar daga zuciya yake tasowa. Akwai wanda zuciyarsa ke bugawa ba bisa tsari ba, ta yi sauri, ta yi tsalle, ta dakata. Jini yana kwanciya a cikinta ya yi guda, gudan ya ɓalle ya haura kai ya toshe hanya. Wanda ke jin faɗuwar gaba ba tare da tsoro ko gudu ba, ya kai kansa a saurari zuciyarsa. Haka kuma ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ga yara, in ba a yi masa maganin da ya dace ba, yana iya lalata ƙofofin zuciya, abin ya fito bayan shekaru.

Akwai abin da ya keɓanci mata. Mai ciki jininta yana iya hawa, ƙafafu da fuska su kumbura, kai ya yi ciwo, gani ya dushe, har ta kai ga jijjiga. Wannan shi ne amfanin awon ciki, kuma mijin da ya hana matarsa zuwa ya san yana da amsar da zai bayar. Bayan haihuwa kuma haɗarin bai wuce ba. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego kwana arba'in gishiri ne mai yawa ake loda wa jikin da bai gama farfaɗowa ba, kuma likitoci a ƙasar Hausa sun daɗe da lura yana nauyaya wa zuciya. Sannan ƙwayoyin da wasu mata ke saye don su yi ƙiba, da wasu mayukan sauya launin fata, suna tayar da jini da suga. Haka magungunan ciwon jiki da ake saye wurin masu talla a tire, a sha kullum ba bisa umurnin likita ba, suna tayar da jini, suna taɓa ƙoda.

Kada kuma a ce ciwon tsofaffi ne kaɗai. Yaro mai amosanin jini, wanda muke kira emasi ko sikila, yana iya shanyewa tun yana ƙarami, saboda jininsa na toshe jijiya. Wannan ya sa muke ƙarfafa awon jini kafin ɗaurin aure.

Akwai abubuwan da ba su hannunmu. Shekaru na farko, domin bayan shekara 55 haɗarin yana ninkuwa kusan kowace shekara goma. Sai gado: wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ya yi hawan jini ko shanyewa, ya fi kusa. Sai wanda ciwon ya taɓa kamawa sau ɗaya. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya, cikin manya huɗu, ɗaya zai gamu da wannan ciwo a tsawon rayuwarsa. Ku dubi sahun asham, ku ƙirga huɗu-huɗu. Wanda ya san gidansa a bakin kwari yake, shi ya fi kowa gyaran katanga kafin damina.

Yanzu mu zo ga azumi. Azumi ga mai lafiya alheri ne. Abin da ke cutarwa shi ne abin da muke yi a gefensa. Na farko aje magani, kamar yadda ɗan'uwanmu ya yi. Da yawa daga magungunan hawan jini sau ɗaya ake sha a yini, likita yana iya mayar maka da shi lokacin buɗa-baki ko sahur. Amma shi zai tsara, ba kai ba, musamman mai shan maganin da ke sa fitsari, da mai suga da ke yin allura. Na biyu ƙarancin ruwa. A zafin ƙasarmu, mai azumi da bai sha isasshen ruwa tsakanin magariba da asuba ba jikinsa yana bushewa, jini ya yi kauri. Shayi mai suga kofi uku ba ya maye gurbin ruwa. Na uku buɗa-bakin da ya zama ramuwar gayya: soye-soye, lemun kwalba, nama mai kitse, sannan sigari biyu a jere tun kafin a yi sallar magariba. Sunna ta koya mana a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi. Dabino da ruwa, kunu ko fura marar suga da yawa, kwaɗon zogale, wake, kankana, sun fi wa jijiya sauƙi.

Ku sani awon hawan jini ba ya karya azumi, haka ɗan digon jinin da ake ɗauka a yatsa don awon suga. Kuma Allah da ya farlanta azumi shi ne ya yi rangwame ga marar lafiya, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya ji tsoron ciwonsa zai ƙaru ko warkewa ta jinkirta, ya halatta ya sha. Wanda kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Tsohon da ba ya iya azumi sam, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowane yini. Saboda haka in amintaccen likita ya ce kada ka yi, ka kafe don kada jikoki su ga kana ci, wannan kunyar mutane ce, ba tsoron Allah ba.

To in abin ya zo, yaya za a gane? Ku riƙe wurare uku: fuska, hannu, harshe. A ce masa ya yi murmushi, a ga ko gefe ɗaya ya zube. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu, a ga ko ɗaya yana faɗuwa. A ce ya faɗi sunansa, a ji ko magana ta sarƙe. Haka gani ya ɗauke farat ɗaya, ko tangaɗi, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba. Ɗaya daga cikinsu ya isa. A lura da lokacin da abin ya fara, a nemi mota nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko fura, domin haɗiyarsa tana iya lalacewa, abin ya tafi huhu. Kada a ba shi kowane magani, har da asfirin, domin ba mai iya rarrabe toshewa da fashewa sai an ɗauki hoton kai, kuma maganin wannan guba ne ga wancan. In ya suma, a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi. Addu'a kuwa ba ta buƙatar a tsaya, ana yin ta a cikin mota.

Wani lokaci alamun nan suna zuwa su wuce cikin ƴan mintoci, mutum ya miƙe ya ce gajiya ce ko yunwar azumi. Wannan ɗan aike ne, babban yana iya biyo baya cikin kwanaki kaɗan. A je gidan likita a ranar, ko da ya warware sarai.

Wani mai saurare ya aiko yana tambaya: Malam, in Allah ya ƙaddara mutum zai shanye, awo zai hana? Amsa ita ce, ba abin da ke faruwa sai da ikon Allah, kuma awon da maganin su ma cikin ƙaddararsa suke. Kai da ka tambaya, kana shuka kafin ka jira hatsi, kana kulle shagonka da dare. An koya mana a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa. Ba mu musun samuwar aljannu, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka sani a nan ita ce jijiyar da aka bari ta lalace. Wanda ya ɗora wa kishiya ko maƙwabci laifin sammu ba da hujja ba, ya haɗa ciwo da zunubi, ya raba zumunci a banza.

Wata baiwar Allah kuma ta ce mijinta ya shanye wata shida, shin akwai sauran fata? Akwai, da yardar Allah. Mutane da yawa suna samun sauƙi ta hanyar motsa gaɓoɓi da koyon tafiya da magana a hannun masu wannan aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfani. A riƙa juya shi don kada bayansa ya yi miki, a ci gaba da ba shi maganinsa don kada na biyu ya zo. Ya yi sallarsa a zaune ko a kwance, gwargwadon ikonsa. In alwala ta gagare shi a taimaka masa, in ruwa na cutar da shi ya yi taimama. Ke kuma ladar jinyarki tana wurin Allah. Ku maƙwabta, kada ku bar ta ita kaɗai da wannan nauyi, kuma masu fitar da zakka a wannan wata su tuna cewa saya wa talaka maganin wata guda yana iya tsare gida sukutum daga durƙushewa.

Abin da muke roƙonku shi ne, kafin ganin watan salla, duk wanda ya kai shekara 40, namiji ko mace, da duk wanda ke da gadon wannan ciwo ko da bai kai ba, ya je a auna jininsa, ya riƙe lambarsa kamar yadda ya riƙe lambar wayarsa. Wanda ya aje maganinsa ya koma wurin likitansa gobe da safe. Matasa ku kai iyayenku. Mu ma da muke wannan magana mun miƙa namu damtsen.

Allah shi ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na gidan likita. Shi jiƙan waɗanda suka riga mu. Shi bar mu da jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye, shi karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah shi gafarta mana. Gobe in Allah ya kai mu za mu koma inda muka tsaya a littafi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.